Tayar Ƙanƙara a Kan Kwaltar Bauchi: Yadda Ake Zaɓen Girma da Irin Tayar Mota

Mota, komai girmanta da tsadarta, ba ta taɓa ƙasa sai ta tayoyinta huɗu, kuma a kowace taya ɗan abin da yake manne da kwalta a lokaci guda bai wuce faɗin tafin hannun babban mutum ba, saboda haka ƙarfin birki da juyin sitiyari da jan inji duka ta waɗannan 'yan wurare huɗu suke isa ga hanya. Duk da wannan matsayi, taya ce kayan motar da aka fi jan ƙafa wajen sauyawa, kuma ita aka fi nema wa araha idan sauyin ya zama dole. Mai mota a Shadawanka ta Bauchi, ko soja ne daga bariki, ko ma'aikacin gwamnati, ko direban haya mai jigilar fasinja zuwa Jos, idan ya tsaya gaban mai sayar da taya tambayoyinsa ba su cika wuce uku ba: ko za ta hau wilinsa, ko zanenta da sauran kauri, da kuma nawa za a bar masa. Tambayoyin suna da muhimmanci amma ba su wadatar ba, domin a cikin tarin tayoyin gwanjo da ake kira 'yan Beljiyam akwai wani iri da yake amsa su duka cikin sauƙi, ga zane mai zurfi, ga roba mai taushi, ga sunan babban kamfani, alhali an ƙera shi ne domin dusar ƙanƙarar Turai, yanayin da ya yi hannun riga da na Bauchi.

Yadda irin wannan taya ta iso kasuwannin Arewa yana da nasaba da yadda ƙasar ta rasa masana'antunta. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, dukansu suna kuka da matsalar wutar lantarki da gogayyar tayoyin waje masu araha, kuma tun daga lokacin kusan kowace tayar mota da ke yawo a titunan Najeriya daga ƙetare ta zo. Tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayayyakin da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su, in ban da wasu manyan tayoyin motocin dakon kaya da ake sabunta wa zane, amma haramcin bai hana su cika shaguna ba, kuma faɗuwar darajar naira tun daga tsakiyar 2023 ta ƙara tura masu ƙaramin ƙarfi gare su. Akwai ma wata muguwar dabarar da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ta daɗe tana yaƙa, inda ake cusa taya cikin taya, uku ko huɗu ko biyar a dunƙule, domin kwantena ta ci da yawa, aikin da yake lanƙwasa wayoyin ƙarfen da ke ciki tun kafin tayar ta taka hanya.

Tayar sanyi, wato tayar da aka ƙera domin ƙanƙara, ta samo asali ne daga ƙasar Finlan, inda kamfanin da a yau ake kira Nokian ya fitar da ta farko domin manyan motoci a 1934, sannan a 1936 ya yi ta ƙananan motoci mai suna Hakkapeliitta. Matsalar da aka so a magance ita ce, robar taya ta yau da kullum takan fara sandarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da kimanin digiri 7 a ma'aunin Salshiyas, kuma robar da ta sandare ba ta kama hanya, zamewa take yi. Saboda haka ake haɗa robar tayar sanyi da sinadaran da za su bar ta da taushi ko da ruwa ya daskare, ake zurfafa zanenta, sannan ake tsattsaga kowane haƙori na zanen da ɗaruruwan tsagu sirara masu lanƙwashe-lanƙwashe, waɗanda suke buɗewa idan tayar ta danne ƙasa su ciji ƙanƙara. A inda aka yi ta dominsa, wannan taya tana ceton rayuka ba tare da wata tantama ba.

Dalilin da ya sa take yawa a cikin gwanjo kuwa doka ce da al'adar ƙasashen da take fitowa. Tun daga watan Disamba na 2010 dokar Jamus ta hana tuƙi a kan ƙanƙara ba tare da tayar sanyi ba, kuma Jamusawa sun saba ɗaura ta a watan Oktoba su kwance ta wajejen bikin Ista, su adana ta tsawon bazara. A Austiriya dokar tana aiki daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu, kuma ba a ɗaukar taya a matsayin ta sanyi idan zurfin zanenta ya gaza milimita 4, alhali mafi ƙarancin zurfin da dokar Turai ta amince wa taya ta yau da kullum milimita 1.6 ne. Abin da wannan yake haifarwa abu biyu ne. Na farko, Bature yakan rabu da tayar sanyi tun zanenta yana da sauran kauri sosai a ido. Na biyu, tunda rabin shekara kawai take aiki, takan tsufa a shekaru ba tare da ta suɗe ba. Idan wani kaso na waɗannan tayoyi ya ƙetaro zuwa Afirka ta Yamma, su ne suke fin sauran kyan gani a cikin tari, kuma mai saye da ya dogara ga idonsa da babban yatsansa su zai fara ɗauka.

Bauchi kuwa gari ne da zafin rana yake kusantar digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, kuma baƙar kwalta da ta wuni tana shan rana takan kai digiri 60. Ko a tsakiyar hunturu, lokacin da mutane suke jin ɗumi da asuba, ba kasafai sanyin yake sauka ƙasa da digiri 10 ba, kuma kafin azahar rana ta mayar da hanya zafi. Jos da take bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 ta fi Bauchi sanyi nesa ba kusa ba, amma ita ma dusar ƙanƙara ba ta kwanta a titunanta, don haka babu wata hanya a wannan yanki da take buƙatar tayar sanyi ko da na kwana ɗaya ne a shekara. Robar da aka yi ta zauna da taushi a cikin sanyi, idan ta hau kwalta mai zafi takan yi laushi fiye da kima, haƙoran da aka tsattsaga su riƙa lanƙwashewa a ƙarƙashin nauyi, sitiyari ya rage kaifi a kwana, tazarar tsayawa bayan taka birki ta ƙaru, zanen ya suɗe da wuri, mai kuma ya ƙara tafiya. Adalci ne a bayyana cewa zafi shi kaɗai ba ya fasa lafiyayyar tayar sanyi nan take. Hatsarin yana zuwa ne idan laushin robar ya haɗu da tsufa da lodi da ƙarancin iska da gudu, kuma waɗannan huɗun ba baƙi ba ne a hanyar Bauchi zuwa Gombe ko ta Ningi zuwa Kano.

Gane tayar sanyi ba ya buƙatar na'ura. Tabbatacciyar alama ita ce hoton dutse mai kawuna uku da ɗigon ƙanƙara mai rassa shida a tsakiyarsa, wanda aka ɗanfara a gefen tayar, alamar da aka ƙirƙiro a Amurka da Kanada a 1999 kuma Jamus ta wajabta ta ga tayoyin sanyin da aka ƙera daga farkon 2018. Sunan tayar ma yakan tona asirinta, domin Blizzak ta Bridgestone, da Alpin da X-Ice na Michelin, da WinterContact ta Continental, da UltraGrip ta Goodyear, da Sottozero ta Pirelli duka na sanyi ne, haka nan duk wadda aka rubuta wa Winter ko Snow ko Ice, ko kuma Studless kamar yadda ake gani a jikin waɗanda suka fito daga Japan. Idan an goge gefen da baƙin mai har rubutu ya dushe, sai a duba fuskar zanen da kyau: haƙorin tayar ƙasa mai zafi dunƙulalle ne mai santsi, na tayar sanyi kuwa cike yake da siraran tsagu a jere, kuma idan aka danna shi da farce sai ya buɗe. Wani lokaci akan ga ƙananan ramuka zagayayyu a haƙoran, gurbin ƙusoshin da aka cire. Haruffan M+S kaɗai, waɗanda suke nufin taɓo da ƙanƙara, ba hujja ba ce, domin ana samunsu a jikin yawancin tayoyin Amurka na kowane yanayi da na motocin shiga daji, kuma waɗannan suna aiki lafiya a Bauchi. Akwai ma tayoyin kowane yanayi na Turai masu ɗauke da alamar dutsen, waɗanda ba su kai tayar sanyi zalla laushi ba, ko da yake tayar da aka yi domin zafi ta fi su dacewa.

Bayan iri sai girma, kuma a nan amsar tana jikin motar kanta. Kamfanin da ya ƙera ta yakan liƙa takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba, wani lokaci a bayan murfin tankin mai, wadda take ɗauke da girman tayar da aka auna motar da ita da kuma yawan iskar da za a sa mata. Rubutun yakan zo kamar haka, 195/65 R15 91H, girman da ake samu a motoci da yawa irin su Corolla da Peugeot 406. Lambar farko faɗin tayar ce a milimita, wato 195. Ta biyu tsayin gefenta ne, daga bakin wili zuwa zane, amma ba a milimita ba, a kaso cikin ɗari na faɗin, wato kashi 65 cikin 100 na 195, wanda ya kama kimanin milimita 127. Harafin R yana nuna yadda aka shimfiɗa zaren ciki daga baki zuwa baki, tsarin da kusan dukan tayoyin ƙananan motoci suke bi a yau, 15 kuma faɗin wilin ne a inci. Kuskuren da ya fi yawa shi ne riƙe lambar ƙarshe kaɗai, a ce ana neman taya goma sha biyar, alhali tayoyin da suke hawa wili ɗaya suna iya bambanta da juna da santimita biyar ko fiye a tsayi.

Lissafin yana da sauƙi, kuma ya kamata mai mota ya iya shi. Inci 15 milimita 381 ne, idan aka ƙara tsayin gefe sau biyu, na sama da na ƙasa, tayar 195/65 R15 ta kama kimanin milimita 635 daga ƙasa zuwa sama. Tayar 205/55 R16 ta kama kimanin 632, don haka wanda ya sauya wili zuwa inci 16 ya sa wannan girma bai canza tsayin motarsa ba, sai dai gefen tayar ya rage kauri, kuma siririn gefe shi ne yake saurin yin ƙari ko ya bar wili ya lanƙwashe idan aka faɗa rami. Ƙa'idar da masu sana'ar suka ginu a kai ita ce kada bambancin tsayi ya wuce kashi 3 cikin 100. Masu shiga ƙauyuka sukan so ɗaga mota da babbar taya, kuma bukatar tasu gaskiya ce, amma wanda ya bar 195/65 ya koma 215/70 a kan wili ɗaya ya ƙara kusan kashi bakwai da rabi cikin ɗari domin ya sami ɗagowar da ba ta kai santimita biyu da rabi ba. Malejinsa zai nuna 100 alhali yana gudun kusan 107, jan injin zai ragu a hawan Toro da Tilden Fulani, kuma idan ya yi lodi tayar za ta riƙa gugar jikin mota a kwana har ta yanke.

Lambobin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi su ne na ƙarshe, 91H, kuma a ra'ayin da ya fi ƙarfi su ne suka fi shafar direban haya. Lambar 91 ba nauyi ba ce kai tsaye, manuniya ce ga wani jadawali da ya nuna cewa tayar tana ɗaukar kilo 615, kamar yadda 88 take nufin 560, 95 take nufin 690, 106 kuma 950. Motar da take ɗaukar mutum bakwai da kayansu, irin Sharan da Galaxy da suka cika tashoshin Bauchi, tana buƙatar taya mai ƙarin ƙarfi wadda aka rubuta wa XL ko Reinforced, bas irin Hiace kuma tana buƙatar mai harafin C bayan lambar wili, misali 195 R15 C, wadda gefenta ya fi kauri kuma take jure iska mai yawa. Tayar ƙaramar mota tana iya hawa wilin bas ta zauna daram, ta yi kwana da kwanaki tana aiki, amma kullum a ƙarshen ƙarfinta take. Harafin da yake biye da lambar kuwa iyakar gudu ne, inda Q take tsayawa a kilomita 160 a awa, T a 190, H a 210, V a 240. Babu wanda doka ta yarje wa irin wannan gudu a Najeriya, inda iyakar ƙaramar mota a tagwayen hanyoyi kilomita 100 ne, amma harafin a haƙiƙa awon juriyar zafi ne, saboda haka sauka ƙasa da abin da kamfanin motar ya rubuta rage tazarar aminci ne, kuma tayoyin sanyi da yawa a ƙananan haruffa suke.

Shekarun taya suna rubuce a gefenta, a ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT, cikin lambobi huɗu da aka kewaye da ɗan zobe mai tsawo, kuma sau da yawa a gefe ɗaya kaɗai ake bugawa, don haka sai an juya tayar. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 tana nufin mako na 23 na shekarar 2019, kuma duk tayar da lambobinta uku ne kawai kafin shekarar 2000 aka yi ta. Roba tana tsufa ko ana aiki da ita ko tana ajiye, domin iska da zafi suna busar da ita daga waje da ciki, har a ga siraran fashe-fashe a gefenta da cikin kwarin zanen. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana wayar da kai cewa wa'adin taya shekara huɗu ne, kamfanonin motoci da dama suna cewa shida, Michelin kuma yana ba da shawarar a riƙa duba ta kowace shekara bayan ta cika biyar, kada a wuce goma ko da zanenta sabo ne. Bambancin bai kamata ya rikita kowa ba, domin tsufan roba ya fi sauri a ƙasa mai zafi, kuma mazaunin Bauchi ya fi kusa da ƙaramin adadin.

A tayoyin da aka ƙera domin kasuwar Amurka akwai ƙarin rubutu mai amfani, inda bayan kalmar Temperature ake sa A ko B ko C, gwargwadon yadda tayar take jure zafin da gudu yake haifarwa, A ce mafi ƙarfi. Dokar Amurka ba ta ɗora wa tayar sanyi wannan awo ba, don haka sau da yawa ba a ganinsa a jikinta. Muhimmancin zafi ya fito fili a watan Agusta na 2000, lokacin da kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5, yawancinsu a kan motar Ford Explorer, bayan zanensu ya riƙa ɓarewa daga jikin tayar ana cikin gudu, kuma an lura cewa matsalar ta fi ƙamari a jihohin kudancin Amurka masu zafi da Saudiyya da Benezuwela.

Duk wannan zaɓe banza ne idan iska ba daidai take ba. Yawancin ƙananan motoci suna buƙatar tsakanin 30 da 35 a ma'aunin psi, wanda shi ne gejin da masu faci suke amfani da shi, kuma adadin da yake jikin ƙofar direba shi ne abin bi, lambar 44 ko 51 da aka rubuta a gefen taya kuwa iyakar abin da take iya ɗauka ce. Ana auna iska da safe kafin mota ta yi tafiya, domin bayan tafiya mai nisa geji yakan nuna ƙarin uku ko huɗu, kuma wannan ƙari an riga an yi lissafinsa. Akwai ra'ayin da ya yaɗu tsakanin direbobi cewa a rage iska a lokacin bazara don kada taya ta fashe, kuma wannan ra'ayi ya juya gaskiya a baibai. Tayar da iskarta ta gaza takan baje a ƙasa, gefenta ya riƙa lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, wannan motsi ya tara zafi a cikin roba har ya raba ta da wayoyinta. Cika iska fiye da kima ma yana da nasa lahani, domin yana rage abin da ya taɓa ƙasa, ya suɗe tsakiyar zane, ya kuma sa rami ya fi yi wa tayar illa. Ƙaramin geji na aljihu ya wadatar wajen tantance abin da mai faci ya sa, kuma safaya ma tana buƙatar awo.

Damina tana da nata hukunci. Bauchi tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa a Yuli da Agusta, kuma aikin kwarin zane shi ne korar ruwa daga ƙarƙashin taya, ta yadda idan ya yi ƙasa motar takan hau kan ruwa ta daina jin sitiyari da birki. A cikin kwarin akwai 'yan tudun roba da aka dasa a tsayin milimita 1.6, kuma ranar da zane ya yi daidai da su tayar ta gama aiki, ko da yake ƙarfinta a ruwa yakan fara raguwa tun daga milimita 3. Sake yanka zane da wuƙa mai zafi a kan tayar ƙaramar mota yaudara ce tsagwaronta, domin robar da aka yanke ita ce take rufe wayoyi. Wanda ƙarfinsa bai wuce taya biyu ba, sababbin a baya ya kamata ya ɗaura su ko da motar da ƙafafun gaba take ja, saboda zamewar baya ita ce take juya mota gaba ɗaya, kuma tayoyi biyu da suke gefe da gefe wajibi ne su zama girma ɗaya da iri ɗaya. Idan akwai kibiya a gefen taya, hanyar juyinta take nunawa, idan kuma an rubuta Outside, wannan fuska ce take kallon waje.

Rasuwar Ƙaramin Ministan Ƙwadago James Ocholi tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja ranar 6 ga Maris 2016, hatsarin da binciken Hukumar Kiyaye Haɗurra ya danganta da fashewar tayar baya da gudu da taka birki da ƙarfi, ta jawo gangamin duba tayoyi a duk faɗin ƙasa, amma an fi mayar da hankali ga kwanan wata, aka bar batun iri da nauyi a baya. Wannan giɓi ne da ƙungiyoyin direbobi da na masu sayar da taya a Bauchi za su iya cikewa da kansu, tunda su ne suke riƙe da tayar kafin ta hau mota. Ga mai saye, sabuwar taya ta kamfani matsakaici, mai girman da aka rubuta a ƙofa da cikakkiyar lambar nauyi da sabon kwanan wata, ta fi tsohuwar tayar sanyi mai babban suna, ko da kuɗin farko ya fi yawa, domin tafiyar da za ta yi kafin ta suɗe ta fi tsawo. Wanda ya duba ya tarar tayoyin sanyi ne a ƙarƙashin motarsa kuma ba shi da halin sauya su nan take, abin da ya rage masa shi ne ya tsare iska a adadin kamfani, ya rage lodi da gudu, ya ƙara tazara tsakaninsa da motar gaba, ya guji doguwar tafiya da tsakar rana, sannan ya sauya su bibbiyu kafin zafin watan Maris ya shigo.